Anti Mai Garke da Ɗakin Ƙarƙashin Bene

Masu goge-goge ne kaɗai ke riga ta shiga asibiti. Kullum sai ta tarar da ƙasa a jiƙe, ta bi gefen bango tana ɗaga ƙafa tana ba su haƙuri, har ta kai wata 'yar ƙofa da ke ƙarƙashin bene, tsakanin ɗakin ajiye kekunan marasa lafiya da banɗakin ma'aikata. Ƙofar ba ta da rubutu, ɗakin kuma ba shi da taga. Bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin manyan na'urori, don haka sanyi na ratsowa ko da waje ana gasuwa. In ta shiga sai ta ɗauki tsohuwar rigar sanyi daga bayan kujera ta saka, ta gyara matashin da take tokare baya da shi, ta ɗiga maganin ido, sannan ta jawo kujera gaban allon kwamfuta guda biyu, ta yi bisimilla.

Abin da ke kan allon ba abin sha'awa ba ne. Layuka ne da lambobi da 'yan ɗigo-ɗigo masu launin kore. Asibitinmu yana da rassa a garuruwa da dama, kuma kowane reshe yana da wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke, tunda ita ce sauran ƙananan kwamfutocin ke bi. A cikinta ake ajiye katin majiyyaci, da sakamakon gwajin jini, da hoton ƙashi, da maganin da likita ya rubuta. Daga wannan kujera take ganin su gaba ɗaya. Ta san wadda cikinta ya kusa cika, ta san wadda aka ɗauke wa wuta ta koma kan batir, ta san wadda wani ɓarawo daga nesa ya kwana yana gwada mata kalmar sirri ta bogi. Takan shiga cikin sabar da ke tafiyar yini guda a mota, ta gyara abin da ya karkace, ta fito, ba ta ko miƙe daga zaune ba. Daga nan sunan ya samo asali. Wani tsohon direban motar asibiti ne ya fara ce mata Mai Garke don zolaya, sunan ya bi ta, har sababbin ma'aikata suka ɗauka na yanka ne.

A ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki, bayan shekarun da suka haura ashirin a wannan ɗaki. Ni nas ce a mafi ƙanƙantar rassanmu, wanda ya fi kowanne nisa. Na yi shekaru ina jin muryarta a waya kafin in ga fuskarta. Na ɗauki alƙalami ne domin na ga irin sallamar da aka yi mata, zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ba da wannan aikin ta fara ba. A ɗakin kati aka ɗauke ta tana budurwa, lokacin da katunan takarda ne, ana jera su a kanta har rufi. Da aka kawo kwamfutoci, kamfanin da ya haɗa su ya turo injiniya ya ɗan koya wa mutane abin da ya sawwaƙa, ya tattara kayansa ya tafi. Ita ce ta riƙa tsayawa bayan an tashi tana tambaya. Daga baya ta shiga makarantar yamma, tana goye da ɗiyarta ta fari, ta ci jarabawar da ake bukata ɗaya bayan ɗaya. An sha kawo mata abokan aiki, samari masu kaifin kai. Duk wanda hannunsa ya faɗa sai wani banki ko kamfanin waya ya ɗauke shi. Ba ta taɓa riƙe kowa ba. Takan ce, "Je ka, Allah ya ba da sa'a. Amma ka nuna mini inda ka tsaya kafin ka tafi."

Aikinta irin wanda in ya yi kyau ba a ganinsa ne. Ranar da komai ke tafiya daidai, ba mai tuna akwai mutum a ƙarƙashin bene. Wayarta ba ta ƙara sai da ƙorafi. "Anti, abin nan naku ya tsaya." Kullum abin nasu ne, ba namu ba. Wani sa'in ma waya ce ta zare daga bango, ko mutum ya manta kalmar sirrinsa karo na ba adadi. Kada kuma in yi muku ƙarya in ce mai sanyin baki ce. In ta ji labarin ka rubuta kalmar sirrinka a takarda ka manna a jikin allo, za ta wanke ka tas, ko kai waye. Ni ma na sha nawa. Ta ce mini, "Sista, ke makullin gidanki a jikin ƙofa kike barinsa ki tafi kasuwa?" Na ce a'a. Ta ce, "To me marasa lafiya suka yi miki?"

Abin da na gani da idona ya faru ne wata rana da azahar, a tsakiyar zafi. An kawo mana wata mata da ta haihu a hanya, jini ya ɓalle mata, ba ta cikin hayyacinta. Wadda ta rako ta maƙwabciya ce, ba ta san komai game da lafiyarta ba, sai dai ta ce a wani reshen namu take zuwa awo. Likita da ungozoma suka duƙufa a kanta, ni kuma aka tura ni ɗakin gwaji in ga ko an samu jinin da zai dace. Ina cikin sauri wayata ta yi ƙara.

"Sista, ɗakin sabarku ya ɗauki zafi. In ba a yi wani abu ba, za ta kashe kanta kafin la'asar."

Na ce, "Anti, mace gare mu tana zubar da jini, don Allah ki bar ni da maganar inji."

Ta ce, "Na ga an buɗe sabon gado a ɗakin haihuwa, na san kuna cikin wani hali. Katinta a cikin injin nan zai biyo, sakamakon jinin ma haka. In ya mutu, sai ya huce kafin ya tashi. Wa ke kusa da ke wanda ba ya riƙe da allura?"

Na duba, ba kowa sai ni. Na juya da gudu. Ɗakin sabar tamu wani ɗan lungu ne a bayan ɗakin magani. Ina buɗe ƙofa zafi ya buge ni kamar na leƙa tanda. Na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, sannan wani bawan Allah ya ga wuri ya samu, ya jera kwalayen ruwan ƙarin jiki har sun toshe bayan akwatin na'urar. Na faɗa mata. Na ji ta ja dogon numfashi.

"Fitar da su. Bar ƙofar a buɗe. Akwai fanka ta tsaye a kusa?"

"Akwai a ofishin manaja, amma wuyanta a karye yake."

"Ɗauko ta. Ki riƙe mata wuyan. Kada kowa ya kawo ruwa kusa da wurin, ko da na jiƙa tsumma ne."

Haka na tsaya, nas guda da fararen kaya, rungume da fanka mai karyayyen wuya, waya maƙale a kafaɗa, ina jin ƙarar madannai a ɗaya gefen. Tana can tana rage wa sabar kaya. Ta rufe ajiyar hotunan ƙashi, ta rufe layin masu ganin likita, ta rufe wasiƙun ofis, ta bar ɗakin gwaji da ɗakin magani da katunan marasa lafiya kawai. Nan take wurin karɓar baƙi ya rikice, mutane suka fara hayaniya. Manajan reshe ya kira ta a ɗayan layin yana faɗa, ina jiyo muryarsa ta bango da kuma ta waya. Ta bari ya gama, ta ce, "Ranka ya daɗe, ka rubuta cewa ni ce na rufe. In zafin ya sauka zan buɗe." Sai ta dawo kaina. "Sista, ya fara sauka. Miƙa wa mai gadi fankar, ki koma wurin matarki."

Da na koma, likita na gaban allo. Katin matar ya iso daga wancan reshen, da rukunin jininta, da wani jan gargaɗi a sama: akwai wata allurar kashe ƙwayoyin cuta da jikinta ba ya karɓa, ta taɓa suma a kanta. Ita ce allurar da muka saba bayarwa a irin wannan hali, tana ma kan tire. Likita ya ture ta gefe, ya nemi wata.

Matar ta tashi. Ranar da aka sallame ta ta yi wa likita addu'a, ta yi wa ungozoma, ta riƙe hannuna ta yi mini har na ji kunya. Na kira Anti na ba ta labari, na ce wannan addu'ar rabinta naki ne. Ta ce, "Alhamdulillahi. Kwalayen nan fa, ba a mayar da su ba dai ko?" Daga baya na ji cewa ta daɗe tana rubuta wa manya cewa na'urar sanyin reshenmu na gab da mutuwa. An gyara ta bayan wannan ranar. Takardar ƙorafin manaja kuwa ta shiga fayil ɗinta, ba a kuma cire ta ba.

Ke ce wadda ta ji zafin ɗakin da ba ta taɓa taka ƙafarta ba, alhali mu da muke wucewa ta bakin ƙofarsa ba mu ji ba. Ban manta ba, Anti, ko da takarda ta manta.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba a gabana ya faru ba. Babbar 'yarta ce ta ba ni labari, kuma ta yarda in rubuta.

Maigidan Anti tela ne, mutum mai barkwanci, wanda ya saba da matarsa ta tashi a tsakiyar cin abinci saboda waya ta yi ƙara. Yakan ce shi da sabobi suke kishi, kuma sun fi shi yawa. Wata shekara ya fara rama, abinci ya daina zama masa. Aka kai shi asibitinmu, aka yanki 'yar tsoka daga cikinsa don gwaji. Sakamako ya fito, ɗakin gwaji suka saka shi a saba kamar yadda aka saba, sai aka yi rashin sa'a likitansa ya yi tafiya, ba zai dawo ba sai wani mako. Mai gwajin ya haɗu da 'yar a baranda, ya ce mata ya fito, amma shi ba huruminsa ba ne ya faɗa. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa.

Ta nufi ƙarƙashin bene kai tsaye. Ta tarar da uwar zaune, rigar sanyi a jiki, kofin shayi ya huce a gefe.

"Umma, ya fito."

"Na ji."

"To ki buɗe mana."

"Ba zan buɗe ba."

"Umma, Baba ne fa. Ba wani ba ne. Makullin komai na hannunki, dannawa ɗaya ce."

'Yar ta ce mini uwar ta cire tabarau ta ajiye. "Makullin da ke hannuna na gadi ne. Ba a ba ni don in karanta ba. Matan unguwarmu nawa ne katinsu ke cikin nan? Ƙawayenki nawa? Suna gaishe ni a hanya hankalinsu kwance domin sun san ban taɓa leƙawa ba. In na buɗe na babanki yau saboda ina da dalili, gobe ma zan samu dalili."

"Wa zai sani?"

"Na'urar za ta rubuta. Kuma ni ce mai duba abin da ta rubuta."

'Yar ta fashe da kuka, ta faɗa wa uwarta maganar da har yau take nadama. Ta ce inji ya cinye mata zuciya. Ta buga ƙofa ta fita. Anti ta zauna a wurin har aka tashi, da sakamakon mijinta a bayan allo, tana duba zafin sabobi da cikar faifai kamar kullum. Da ta fito ta hau bene zuwa ofishin babban likita, ta roƙi a ba wani likitan izinin ganin mijinta. An yi hakan, amma sai da aka ɗauki 'yan kwanaki, don takarda sai ta bi hannu-hannu. A kwanakin nan 'yar ba ta yi mata magana, ita kuma ba ta iya cin komai sai ruwan shayi.

Sakamakon bai yi kyau ba. Ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Likitan ya ce kwanakin da aka jira ba su canza komai ba, amma wannan bai sanyaya wa 'yar rai ba a lokacin. Shi mai ciwon ne ya raba gardamar, yana kwance a gadon asibiti. Ya ce, "Ki ƙyale uwarki. Ni kwanakin nan da ban sani ba, na gama ɗinkin mutane, na yi hira a bakin shago, na yi barci. Da kun ɗauko mini labarin da wuri, me zan yi da shi?" Sai ya juya wurin matarsa. "Ke kuma kishiyoyina suna kira, je ki duba su."

Watannin jinyarsa ta yi su ne da ƙaramar kwamfuta a kan cinya, a kujerar roba kusa da gadonsa, hannu ɗaya na danna madannai, ɗaya na riƙe da nasa. Ta nemi a kawo wanda zai riƙe mata aiki, aka ce ana dubawa. Ya rasu ana kan dubawa. 'Yar ta ce mini, "Har yanzu wani lokaci nakan ji da ta buɗe. Amma da na yi ciki na fara zuwa awo, a asibitin na yi kati, ban ko yi tunani ba."

Bayan rasuwarsa Anti ta koma ɗakinta na ƙarƙashin bene, sai dai jikin ya fara ba da amsa. Ido ya yi rauni har sai ta ƙara girman rubutun allo. Wuyan hannu ya kumbura, tana ɗaure shi da bandeji. Baya kuwa ba a magana. Wayar aiki na bin ta ko'ina, har bakin banɗaki, a cikin leda. Ranar da jikarta ta fara tafiya a tsakar gida, ita Anti tana ɗaki tana tayar da sabar wani reshe, sai ihun murna ta jiyo. Na taɓa tambayarta ko ba ta gajiya. Ta yi dariya marar ƙarfi, ta ce, "Sista, na gaji tun kafin ki fara aiki. Sai dai in na tashi, wa zai zauna?"

Sallamar da aka yi mata a baranda aka yi ta, a tsaye, da lemon kwalba da biskit. Na yi doguwar tafiya don in halarta. Babban jami'in da ya yi jawabi sabon zuwa ne, mutumin kirki, amma ba wanda ya yi masa bayani. Ya gode mata bisa shekarun da ta yi tana gyara mana na'urar buga takardu. Wasu suka tafa. Na dube ta, ta ɗan girgiza mini kai alamar in yi shiru. Aka ba ta agogon bango da takardar yabo. Kujerar da ta bari, mutum biyu aka ɗauka su riƙa karɓa-karɓa, aka kuma ƙulla yarjejeniya da wani kamfani ya riƙa taya su. Ta zauna da su mako bayan mako kafin ta tafi, tana nuna musu halin kowace saba, wadda ke ƙarya game da batirinta da wadda ba ta son a tashe ta da gaggawa.

Anti Mai Garke, ke ce idon da ba ya kan kowa amma yake kan komai. Ke ce aka ba amanar sirrin dubban mutane, kika mayar da ita yadda aka ba ki, har da na mutumin da kika fi so. Mun gode. Matar da ba ta san sunanki ba ta gode, ɗanta yana makaranta yanzu. Mu ma'aikata da muka yi ta ɗaga miki murya a waya, ki yafe mana. Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan maigidanki, ya ba idonki da bayanki sauƙi.

Ku kuma masu karatu, kusan duk inda kuke aiki akwai irin wannan mutum a wani lungu. In albashi ya shigo a kan lokaci, in kati ya buɗe da dannawa ɗaya, wani ne ya zauna ya tsare. Ku neme shi tun yana kan kujera, ku san sunansa, ku kira shi wata rana ba don wani abu ya lalace ba. Manya, in ya ce na'ura za ta mutu, ku saurara, in ya ce ya gaji, ku ba shi na biyu. Matasa masu shiga wannan sana'a, ilimin kuna da shi, wataƙila ma fiye da nata. Abin da za ku koya a wurinta shi ne yadda mutum zai riƙe makullin kowa ya tsaya a bakin ƙofa.

Kafin in koma reshenmu na biya gidanta in yi mata sallama. Na tarar da ita a kan tabarma, ta jingina da bango, jikarta na wasa da zaren mayafinta. Na tambaye ta me za ta yi yanzu, kasuwanci ko koyarwa. Ta ce, "Barci, Sista. Sai na biya bashin barci tukuna, sannan in yi tunani." Muka ɗan taɓa hira, ina ba ta labarin reshe, sai na ji ba ta amsawa. Kanta ya karkata, tabarau ya zamo kan hanci. 'Yar ta shigo a hankali, ta zare tabarau, ta ɗauke yarinyar, ta yi mini alama da ido. Na ɗauki takalmana a hannu, sai da na kai ƙofar gida na saka.